Kazar da Na Bari a Koki

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya jera ƙasusuwa ya lulluɓe su da tsoka, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Kwanakin baya ruwa ya tsare wasu samarin unguwarmu a zaurena. Muna zaune sai ga wani mai adaidaita sahu an riƙo shi, kafaɗarsa ta goce. Na sa shi ya kwanta, na ɗora dunduniyata a hammatarsa, na riƙa jan hannun a hankali ina yi masa hira, har ƙashin ya koma gidansa. Da aka fita da shi sai jikan ƙanena ya dube ni ya ce, "Baba, ashe ɗorin nan ja ne kawai da ɗauri? Ai ni in na ga biyu, na ukun da kaina zan yi." Abokansa suka yi dariya, ni ma na taya su. Ban ba shi amsa a ranar ba, don amsar ta fi ƙarfin zaman fakewar ruwa. Ga ta nan na rubuta.

Mahaifina malamin allo ne a Dala, a gabansa na yi karatu na koyi riƙon alƙalami. Ɗori kuwa a hannun kawuna na same shi, Malam Hammadu, wanda zaurensa yake daf da Ƙofar Mazugal. Kakanninsu makiyaya ne, a ƙafar maraƙi suka fara sanin ƙashi. Shanun sun ƙare tun kafin a haife shi, hannun ne ya rage.

Aikin farko da ya ba ni ba na mutum ba ne. Ƙashin ƙafar akuya ya samo a wurin mahauta, ya karya shi biyu, ya jefa a jakar fata, ya cika ta da dusa ya ɗinke bakin. Ya miƙo mini ya ce, "Ilu, haɗa." Ta bayan fata zan lalubo bakin nan da bakin can in gama su, babu gani. In na ce na haɗa, sai ya shafa da babban yatsa ya ce, "Wannan bawan Allah ka gurgunta shi. Sake." Wata huɗu ina fama da jakar nan. Bayanta kuma shekara uku aikina riƙo ne. In ya ce ja, in ja. In ya ce tsaya, in tsaya ko da gumi yana shiga idona. Ku da kuke cewa ja ne kawai, ku sani jan ma sai an koya, don wanda ya fizga ya yage jijiya, wanda ya sassauta kuma ya bar ƙashi ya hau kan ɗan'uwansa.

Kayan aikinmu ba su cika ƙwarya ba. Karan dawa busasshe, a tsage shi, a saƙa shi da zare kamar ɗan asabari, gwargwadon tsawon gaɓar. Auduga a shimfiɗa a ciki don kada ya ci fata. Tsumma mai tsafta. Man shanu, wanda matan Fulani suke kawo wa Kawu har gida, ba a shafa shi sai kumburi ya sace. Sai zaren awo, wanda ake gwada gaɓar da ta karye da 'yar'uwarta mai lafiya. Bayan an ɗaure, sai a danna farcen mutum a saki. In jini ya dawo nan take, ɗaurin ya yi. In farcen ya tsaya fari, ko yatsu suka yi sanyi, a kwance maza ko da an sha wahalar ɗaurin. Ƙullinmu ma daban yake, Kawu yana yin sa ta gefen waje, ya bar masa kunne guda, yadda za a zare shi da hannu ɗaya ba a jijjiga ƙafa ba.

Akwai kuma kaza. A zamanin nan mutane da yawa ba sa yarda da ɗori sai an haɗa da ita. A kamo kaza, maɗori ya karya mata ƙafa ya ɗaure, ranar da ta taka a ce mutum ma ya warke. Kawu ba ya neman ta, amma in masu gida suka dage ba ya musu. Yakan karɓe ta ya juya fuskarsa bango. Ni ina can riƙe da ƙafar mai karaya, sai in ji ƙas, in ji kaza ta yi kuka, sai ga ta da ɗan tsumma a ƙafa. In mun tashi tafiya ya ce in ɗauko ta. Mu kai ta gidansa, in miƙa wa matarsa Inna daga bakin ƙofa. Ranar da ya ga dama ya mai da ita tana tafiyarta, a yi murna. Ni a zatona gata yake yi wa kazar, ko kuma ƙwanta ne ladansa. Ban taɓa tambaya ba.

Abin da ya fi tsananta mini a kai shi ne baki. Ya ce maɗori da harshe yake karya mutane fiye da hannu. Bahaushe ko yana bakin kabari ka tambaye shi jiki zai ce da sauƙi, saboda haka sauƙi godiya ce ga Allah, ba awo ba ce. Mu namu matakan daban suke. In ƙashi ya daina motsi a ƙarƙashin yatsa, a ce ya kama. In mutum ya iya ɗaga gaɓar da kansa, a ce ya motsa. In ya tsaya da sanda, ya miƙe. In ya yar da sandar, ya taka. Ba a cewa ya warke sai ya yi sallah a tsaye, ya zauna zaman tahiya a kan ƙafar, ya tashi daga sujada bai dafa bango ba. Garau kuwa sai wanda in ka sa zare ba ka samu bambancin ko kaurin tsinke ba. Duk wanda ya tsallake mataki ɗaya a bakinsa, in ji Kawu, mai jinya zai tsallake shi da ƙafarsa. Shi da kansa, da yake Fulatancinsa bai gama zubewa ba, in aiki ya gamsar da shi ba ya cewa komai sai "jam", wato lafiya, ya kaɗe riga ya tashi.

Shekarar da gari ya rikice, mutanen gabas suka kwashe suka tafi, ita ce ta canza mana aiki. Akwai wani ma'aikacin asibiti a cikinsu, muna ce masa Dakta ko da yake ba likita ba ne. Duk karayar da ƙashi ya fasa fata ya fito, Kawu ba ya taɓawa, wurinsa yake aikawa. Shi ma in ya ga targaɗe ko gocewa sai ya turo mana. Wata safiya na kai masa mutum na tarar da ƙofarsa a garƙame, har yau ban ji labarinsa ba. Allah ya sa ya isa gida. Da yaƙin basasa ya kankama sai asibiti ya cika, ma'aikata kaɗan, majinyata har baranda. Ga motoci a hannun waɗanda jiya-jiya suka koyi tuƙi, don direbobi da yawa sun tafi. Ga motocin soja ba sa jiran kowa. Zauren Kawu bai taɓa cika irin na lokacin ba. Man shanu ya yi tsada, yadi ya yi wuya, har tsofaffin rawunansa muka yayyage muka yi ɗauri da su. Rediyo kuwa tana kusurwa tana ta magana, masu jiran layi sun kasa kunne, kowa da ɗansa ko ƙanensa a can.

A cikin wannan hali aka yi wa Kawu rasuwa a rugar danginsa, tafiyar kwana biyu. Ya ce mako guda zai yi. Mota ta yi wuya, hanya duk shinge, ya haura wata bai dawo ba. Ya bar mini zaure, ina da shekara ashirin da biyar, ina ji da kaina.

Kwana uku da tafiyarsa aka zo kirana daga Koki. Wani direba ne, Mamman, duron man gyaɗa ya gangaro daga mota ya same shi a cinyar hagu. A kan ƙyauren ƙofa aka ɗauko shi aka kwantar a soron da ke bayan zaurensu. Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai yawan barkwanci. Shekara bakwai yana karen mota, sai da rikicin nan ya zo wani Alhaji ya ba shi tuƙin babbar mota mai bodin katako, bai fi wata biyar a kanta ba. Ina shiga, gumi na zuba masa, ya dube ni ya ce, "Ina babban? Ni fa cinya ce, ba fiffiken zabo ba."

Na ce, "Babban ya yi tafiya. Hannunsa ne ya zo."

"To hannu, a yi a hankali. Da ƙafar nan nake taka kuloci, da ita iyalina suke cin tuwo."

Na shafa. Karaya ce ɗaya, a tsakiya, fata ba ta fashe ba. Na sa aka zagaya zane ta hammatarsa maza biyu suka riƙe, na uku ya kama idon sawu. Na ce a ja, aka ja, na bi da yatsu har na ji bakin ya sadu da baki. Na sa zare daga ƙugu zuwa idon sawu, ya zo daidai da na dama. Na ɗaure, na tokare ƙafar da jakar yashi hagu da dama. Ko yau aka ce in sake wannan ɗori, ba zan fi haka ba.

Ina wanke hannu sai mahaifiyarsa ta shigo, Iya Habi, 'yar tsohuwa siririya mai kaifin murya, da jar kaza a hammata.

"Ɗan nan, ga ta."

Na ce, "Iya, ai an gama."

"An gama ba kaza? Mu za ka koya wa ɗori? Tun kakanka yana bin shanu ake yi da kaza."

Na karɓa na juya fuskata bango yadda na ga Kawu yana yi. Na kama ƙafar baiwar Allah na karya, na ɗaure mata da tsinke biyu. Da zan tafi sai na duba tsakar gidan. Ba wata kaza sai ita, kuma ga dukkan alamu ita ke ba su ƙwai. Mai nema yana kwance, abinci ya yi tsada. Na ce a raina ai ba ni ne zan fita da kazar talaka a hammata ba a wannan shekara. Na ce wa Iya, "Ku bar ta nan, a kife ta da kwando." Ta yi ta sa mini albarka, ta ce na fi kawuna tausayi. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Na ce da Mamman kada ya motsa sai na ce, na fita.

Duk bayan kwana uku nake zuwa. In danna farce, in taɓa yatsu, in tambayi barci da cin abinci. Kullum tambayarsa ɗaya: "Malam Ilu, yaushe?" Alhajinsa ya aiko sau biyu, ya ce mota ba za ta yi ta zama ba, kaya suna jira, in ya wuce wata zai ba wani. Ni kuma in ce, "Da sauƙi, yana kamawa."

Zuwana na bayan mako uku, ina shiga na ga jar kaza tana tono a bakin rariya, da ɗan ɗingishi kaɗan. Wallahi alfahari na yi, na ce ko kaza na ɗora ta taka. Na shiga soro na tarar da Mamman ya yi shiru, ba barkwanci. Na ce jiki, ya ce da sauƙi. Na danna farce, jini ya dawo. Ɗakin da duhu, zane a lulluɓe har cinya, ban ɗaga ba. Na koma haka sau biyu.

Ranar da Kawu ya dawo, ko hutawa bai yi ba ya ce in zagaya da shi ya ga aikina. Mun ga majinyata huɗu. Koki ne na ƙarshe. Daga bakin ƙofar soro ya tsaya, ya dubi tafin ƙafar Mamman yadda ya kwanta ya kalli waje. Ya ce a buɗe taga. Ya tsuguna ya yaye zanen.

"Ilu, wannan ƙullin naka ne?"

Na duba. Ƙulli ne irin na ɗaurin buhu, biyu a kan juna, ta saman cinya.

"A'a, Kawu."

Ya juya ga Mamman. "Malam direba, taku nawa ka yi?"

Mamman ya rufe fuska da hannu. Can ya ce, "Huɗu, Baba."

Iya Habi tana bakin ƙofa, ita ta ƙarasa labarin, tana yi tana kare kanta. Ranar da kaza ta fito daga kwando ta taka, ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka shigo barka. A ranar kuma ɗan aiken Alhaji ya zo. Mamman ya ce tunda kaza ta tashi me yake jira. Ya kwance karan da kansa, aka ba shi taɓarya ya dogara. Taku na huɗu ya ji abu ya lanƙwashe, ya zube a bakin ƙofa. Kunya ta hana su faɗa, suka mai da kara suka ɗaure. Kwana tara ke nan.

"To ai ba laifinmu ba ne," in ji Iya. "Kaza ta taka ko ba ta taka ba?"

Kawu ya ce, "Ta taka, Iya. Sai dai ita ba ta ɗauke da namiji mai cin tuwo malmala uku."

Ya kwance, ya shafa, ya sa zare. Ƙashin ya hau kan juna ya fara kamawa a karkace, ƙafar ta gajarce da faɗin tafin hannu. Ya zauna ya yi wa Mamman bayani ba ƙari ba ragi. In an bar ta haka, nan da wata guda zai tashi, amma da sanda har abada, kuma ba shi ba kuloci. In kuwa an raba abin da ya fara kamawa aka sake ɗorawa, zafin zai fi na farko, kwanciya ta koma sabuwa, wata uku cur, motar Alhaji ta tafi. Kuma ko an yi, bai yi alkawarin za ta dawo daidai ba.

Mamman ya daɗe yana kallon azara. Ya ce, "Mota ai ta riga ta tafi, Baba. A ceto ƙafar." Sai ya ƙara da cewa, "Amma kai za ka yi."

Kawu ya ce, "A'a. Ɗorinsa na farko ba shi da aibu, na gani a jikin ƙashin. Shi zai yi, ni zan riƙe."

Washegari da hantsi muka yi. Maza huɗu, da tsumma a bakin Mamman. Kawu ya zauna a wurin da na saba zama, ya kama idon sawu, tsoho mai furfura yana jiran umarnina. Na ɗora cinyar a kan guntun itace da aka naɗe da zane, na nemi wurin da yatsa, na yi bisimilla na danna. Ƙashin da ya fara kamawa ba ya ƙara irin ta busasshen ice, yakan ba da wani sauti ne kamar an karya ɗanyen rake. Mamman ya suma. Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi, ya huta. Yi aikinka." Na ce a ja. Muka daɗe muna ja, don tsoka ta riga ta taƙure. Na haɗa iyakar abin da zai haɗu, na ɗaure, na yi ƙullin gidanmu.

A hanyar komawa Kawu bai bi ta kasuwa ba, ya bi da mu ta gindin Dala inda ba jama'a. Ya ce, "Ilu, kazar nan, karya ta ka yi?"

Na ce, "Yadda kake yi."

Ya tsaya cak. "Ka taɓa ganin na karya?"

"Ina jin ƙarar."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun kara, ya matse shi a tafin hannunsa. Ƙas.

"Kaza ko kallonta ka yi da ƙarfi za ta yi kuka. Ni in karya halittar Allah ba ta ci mini ba ta sha mini ba? Sun kawo, na ɗaure, na tafi da ita. Ban taɓa ce wa kowa na karya ba, wanda ya tambaye ni kuma na gaya masa gaskiya. Mutanen nan ba za su ji maganata ba, amma za su ji ta kaza. To sai kazar ta zama a hannuna, ta taka ranar da ƙashin mutum ya yarda. Kai kuma ka bar musu ladan mai kiran sallah kafin lokaci."

Na ce, "Kawu, ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ka tambaya? Shekara shida kana ɗauke da kaza a hammata." Muka yi 'yar tafiya. Sannan ya ce, "Rabin laifin nawa ne, da na bar maka zaure ban bar maka wannan ba. Amma zanen da ba ka ɗaga ba, wannan naka ne kai kaɗai. Ka nemi gafarar Allah saboda kazar, ka nemi ta Mamman saboda ƙafar."

Tun daga ranar kullum sai na je Koki, kuma kullum sai na yaye zane. A bangon soron na rubuta masa kwanakin da gawayi, yana gogewa ɗaya-ɗaya. Mota aka ba wani. Matarsa ta shiga ƙuli-ƙuli, Iya ta shiga sai da koko, maƙwabta suna miƙo abin da ya samu, da haka gidan ya tsaya. Barkwancinsa ya dawo kafin ƙafarsa. In na shigo sai ya ce, "Ga likitan kaji nan." Da ya motsa na ce ya motsa. Da ya miƙe na ce ya miƙe, ban ƙara masa ko harafi ba. Na shafa man shanu na murza tsokar har ta saki. Sai da ya shiga wata na huɗu ya yar da sanda.

Ranar da ya yi la'asar a tsaye a masallacin unguwarsu, ni da Kawu muna sahun baya muna kallo. Ya zauna tahiya, ya tashi bai dafa komai ba. Da aka idar muka koma soro, Kawu ya miƙo mini zaren ya ce in auna. Na auna dama, na auna hagu. Na sake.

Mamman ya ce, "Yaya, Malam Ilu? Garau?"

Na dubi Kawu, shi kuma ya dubi ƙasa.

Na ce, "Ka warke, Mamman. Amma ba garau ba. Ta gaza da yatsa biyu, kuma haka za ta zauna. Da na tafi da kazar nan, da na ɗaga zanen nan, da ba haka ba. Ka yafe mini."

Ya miƙe ƙafafun ya jera su yana dubawa. Ya ce, "Taku huɗun kai ka yi mini su?" Na ce a'a. Ya ce, "To yatsa ɗaya naka, ɗaya nawa. Na yafe naka, nawa kuma zan riƙe abina." Ya juya ga Kawu. "Baba, za ta taka kuloci?"

Kawu ya sa tafin hannu a ƙarƙashin ƙafar ya ce ya danna. Ya danna har tsohon ya yi baya. Kawu ya kaɗe riga ya ce, "Jam."

Wani baduku ya ƙara masa kaurin takalmin hagu. Kafin yaƙi ya ƙare ya samu wata motar a hannun wani. Tafiyarsa dai ta canza, taku ɗaya nauyi ɗaya sauƙi, ko a cikin taro na ji ta na san shi ne.

Bayan an daina yaƙi da kamar shekara biyu, Kawu ya tsufa ya bar mini aiki, wata safiya na ji wannan takun yana nufo zaure. Iya Habi ce ta zame a bakin rijiya, tsintsiyar hannunta ta karye. Na ce, "Mamman, ga maɗora nan cike da gari." Ya ce, "Wanda ya riga ya yi kuskurensa a kaina nake so. Taso."

Na je na gyara na ɗaure. Ina danna farce sai tsohuwa ta ɗaga murya, "Ina kazar? Mamman, a kamo kaza!"

Na buɗe baki zan yi magana, Mamman ya ɗaga mini hannu. Ya fita tsakar gida, muna jin sa yana bin kaza da ƙafarsa mai ɗingishi, yara suna dariya. Ya shigo da wata wake-wake ya danƙa mini. Na juya fuskata bango, na matse guntun kara a tafin hannu, na naɗa mata tsumma.

Iya ta ce, "Yawwa. Yanzu aka yi ɗori. A kife ta da kwando."

Mamman ya ce, "A'a, Iya, wannan kwanciyar asibiti za a ba ta." Ya rako ni har ƙofar gida, ya rage murya. "Malam Ilu, ka tafi da ita can Ƙofar Mazugal. In ta warke ka ba ta haƙuri, ka ce Iya ba ta shirya ba."

Kwana hamsin kazar nan ta yi a gidan Kawu tana tonon ƙasa da ƙafafunta biyu, Iya Habi kuwa tana Koki tana jiranta, hannu a ɗaure, ko muciya ba ta taɓa ba. Hannun ya warke garau, na auna da zare.

Kawu da Mamman da Iya Habi, Allah ya jiƙansu su duka uku, ya sa sun huta.